Daga Aboabo: Wane ne mutumin nan da yarona ya ɗauki hoto a gindin gunkinsa?

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai albarka, na san wasiƙar ta yi tsawo amma a daure a buga ta yadda take kar a datse min ita. Ni tela ne a Aboabo nan Kumasi, na fi shekara 30 a kan keke, kuma abin da ya sa na ɗauko waya nake wannan rubutu cikin dare shine wani hoto da ya shigo min ta WhatsApp wata biyu da suka wuce wanda har yau bai bar ni na huta ba.

Ɗan ƙanena ne ya turo shi, yaron a hannuna ya tashi, yanzu yana Sifaniya a wani gari wai shi Murcia yana aikin tsinkar lemun tsami a gonakin mutane. Ranar Lahadi ce ba aiki, ya sa rigar da na ɗinka masa da hannuna kafin ya tafi, shadda ruwan toka mai aikin wuya, ya tsaya a wani lambu mai manya manyan itatuwa irin ceɗiya, a bayansa ga gunkin wani bature a kan dogon ginshiƙi. Nace masa kai wane ne wannan ka tsaya a gindinsa kana murmushi, yace wallahi Baba ban sani ba, sunan lambun dai Floridablanca, nan muke haɗuwa da 'yan uwa mu sha iska. Toh ni kuma Allah ya yi ni da son bin diddigi, na kira ɗiyata da ke jami'a nace zo ki taya ni, muka kwana uku muna karatu a waya bayan isha'i, data ta ƙare muka sake sayo wata. Abin da muka tono ya girgiza ni, don ashe hannun mutumin nan ya taɓo har ƙofar gidanmu a Gana, mu kuwa ko sunansa ba mu taɓa ji ba.

Sunansa na yanka José Moñino, an haife shi a garin na Murcia a 1728, ubansa ma'aikacin rubuta takardun shari'a ne, ba ɗan sarauta ba ne ba ɗan masu ƙasa ba. Ya karanta lauya ya tafi Madrid neman abinci. Floridablanca ɗin sarauta ce aka naɗa masa daga baya ta haɗiye sunan, kamar dai yadda in ka ce Sardauna kowa ya san wa kake nufi ba sai ka ce Ahmadu Bello ba. Don mai karatu ya gane lokacin, ya girmi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da shekara 26, kuma ya mutu a 1808 shekarar da Alƙalawa ta faɗi. Turawa suna kiran wancan zamanin nasu Zamanin Haske, wai lokacin da aka ce a riƙa auna komai da hankali da ilimi, a gyara hanya, a buɗe makaranta, a rage ƙarfin limaman coci a kan mulki.

Abin da ya fara ɗaga shi sama rigimar tufafi ce, kaga kuwa dole tela ya tsaya a nan. A watan Maris 1766 wani ministan Sarki Karlos na 3 na Sifaniya, ɗan Italiya mai suna Esquilache, ya kafa doka cewa an hana sa doguwar alkyabba da faffaɗar malafa a Madrid, dalilinsa wai ɓarayi da masu kisa suna ɓoye fuska da makami a ciki. Aka saki dogarai a titi tare da teloli riƙe da almakashi, in an kama ka a nan take za a rage maka tsawon alkyabba a naɗe bakin malafar. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na dubi almakashina da ke rataye, na tuno yadda mutum yake tsayawa a gabana ina auna shi, yana cewa Malam ƙara min inci biyu a ƙasa, don tsawon riga mutunci ne a wurin mai ita. Ka tare magidanci a bainar jama'a ka yanke masa riga, ga burodi ya yi tsada mutane na fama da yunwa, ai dole gari ya kama da wuta. Haka kuwa aka yi, jama'a suka yi bore, sarki ya bar Madrid ya koma fadarsa da ke garin Aranjuez, aka kori ministan. A shekarar ne aka ɗauki Moñino a matsayin lauyan gwamnati a babbar majalisar sarki da ake kira ta Kastil, kuma maimakon a ce yunwa da wulaƙanci ne suka jawo boren sai aka ɗora laifin a kan wata ƙungiyar limaman Katolika mai ƙarfi da makarantu da yawa, Jesuit, aka kore su daga duk ƙasashen sarkin a 1767.

A 1772 aka tura shi jakada Roma da aiki ɗaya tak, ya matsa wa Fafaroma Clement na 14 lamba ya rushe ƙungiyar baki ɗaya. Ya zauna masa a wuya, yau lallashi gobe barazana, cikin shekara guda a 1773 Fafaroma ya sa hannu. Tukuicin wannan aikin ne sarautar Floridablanca. A 1777 kuma aka kira shi gida ya zama, a ce dai waziri, ya riƙe shekara 15.

Yanzu bari na faɗi inda ya burge ni, don gaskiya ɗaya ce. Mutum ne mai aiki ba wasa. A zamaninsa aka kafa bankin San Carlos a 1782 wanda shine kakan babban bankin ƙasarsu na yau, aka shimfiɗa hanyoyi, aka tura aikin babbar magudanar ruwa ta Aragon, aka yi ƙidayar 1787 da har yau ake kiranta da sunansa inda aka samu mutum sama da miliyan 10, kuma shi ya tsara ministoci su riƙa zama tare a kai a kai maimakon kowa ya shiga wurin sarki shi kaɗai ya kai gulmar ɗan uwansa. Manyan 'yan sarauta da janar janar ba su taɓa yafe masa ba, ɗan marubucin kotu ya zo yana ba su umarni. Amma wanda ya fi taɓa min zuciya shine dokar watan Maris 1783, wadda ta ce sana'ar majemi da maƙeri da tela da mai ɗinkin takalmi da kafinta sana'o'i ne na mutunci, ba sa zubar da darajar mai yi ko ta iyalinsa, kuma ba sa hana shi riƙe muƙami a garinsu. Malam Edita ka san me ya sa wannan ya tsaya min? Lokacin da na fara neman aure ina saurayi, iyayena sun kai goro gidan su yarinya, wani kawunta ya buɗe baki a gaban dattawa yace su ba sa ba tela 'ya, wai me zai ci da ita, zare? Na ji maganar nan daga bakin wanda ya raka su, na koma shago na zauna a gaban keke har magariba ban taka shi ba. Yau shekara nawa amma ban manta ba. Kuma har gobe a zangonninmu akwai gidan da in mahauci ko wanzami ko maƙeri ya zo neman aure sai an yi ta ƙus ƙus, alhali kowa naman yake ci, kowa askin yake yi. Toh ka ga wata gwamnati tun shekara 240 da suka wuce ta rubuta a takarda cewa wannan raini ne kuma yana kashe ƙasa, dole na jinjina.

Na biyu, yadda ya yi da ƙasashen Musulmi. Sifaniya ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana yaƙi da makwabtanta na tsallaken teku, kowa na kama mutanen kowa yana bautarwa, a 1775 ma sun kai wa birnin Aljiyas hari aka yi musu mugun kaye, wanda yana cikin abin da ya kayar da wanda ya gada. Shi da ya zo sai ya lissafa ya ga ciniki ya fi yaƙi riba. A 1780 ya ƙulla yarjejeniya da Maroko, Sarki Sidi Muhammad bin Abdullah ya turo jakadansa Muhammad bin Usman al-Miknasi wanda babban abin da ya kawo shi har da fansar Musulmin da ke tsare a can. Sai Daular Usmaniyya a 1782, Tarabulus 1784, Aljiyas 1786, Tunis 1791. Ba wai son Musulmi yake ba fa, kar a fahimce ni a karkace, Aljiyas ɗin sai da ya sa aka yi mata ruwan igwa sau biyu a 1783 da 1784 kafin a zauna teburi, kuma yana buƙatar Maroko ne don yana so ya ƙwace Jibraltar daga hannun Ingila, abin da ya kasa duk da ƙawanyar kusan shekara 4. Amma dai mutane sun koma gidajensu, jiragen 'yan kasuwa sun samu hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Toh a nan ne daɗin ya ƙare min. Ɗiyata ce ta karanto, tace Baba ji wannan, Fernando Po. Nace wace Fernando Po, ta Tetteh Quarshie? Tace ita fa. Ashe a 1777 da 1778 mutumin nan ne ya sa hannu a yarjejeniyoyi biyu da Fotugal, San Ildefonso da El Pardo, suna sasanta rigimar iyakokinsu a Kudancin Amurka, a cikin musayar sai Fotugal ta miƙa wa Sifaniya tsibirai biyu a tekunmu na Gini, Fernando Po da Annobon. Sarauniyar Fotugal ɗiyar 'yar uwar Sarki Karlos ce, wato magana ce ta cikin gida tsakanin kawu da 'yarsa, aka ba da ƙasa da mutanenta kamar yadda ake ba da turmin atamfa, Bubi da ke zaune a tsibirin tun kaka da kakanni ba wanda ya tambaye su. Kuma me ake so da tsibiran? Bayi. Sifaniya tana da gonaki da ma'adinai a Amurka amma ba ta da sansani a gaɓar Afirka ta Yamma, sai dai ta saya a hannun Fotugal ko Faransa ko Ingila, shine suka ce gara su samu tasu tashar su riƙa ɗiba da kansu ba ɗan tsakiya. Jiragen da aka turo karɓar tsibiran daga Montevideo ta Kudancin Amurka suka taso a 1778, shugaban tafiyar ya mutu a hanya, mutanen Annobon suka ƙi karɓar su, zazzaɓi ya yi ta kwasar sojoji har sauran suka yi tawaye aka watse aka bar wurin. Shirin bai yi ba, alhamdulillah. Amma niyyar ba ta mutu ba, don a watan Fabrairu 1789, yana kan kujera, aka fitar da doka ta buɗe cinikin bayi zuwa Kyuba da Santo Domingo da Puerto Rico da Benezuwela, duk mai jirgi ya kawo. Bayan bayin Haiti sun yi tawaye a 1791 noman rake ya koma Kyuba, aka yi ta loda 'yan Afirka, bauta ba ta ƙare a Kyuba ba sai 1886.

Ka duba fa, shekara 6 ne kacal tsakanin dokar da ta ce maƙerin Madrid mutum ne mai daraja da dokar da ta ce a kawo maƙerin Afirka cikin sarƙa a sayar. Gwamnati ɗaya, waziri ɗaya. Ni na taɓa zuwa Salaga na ga rijiyoyin da aka ce nan ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa, na shiga kurkukun ƙasa na Elmina da yara 'yan makarantar Islamiyya muka fito kowa ya yi shiru a mota, don haka ban karanta wannan a matsayin labarin wasu can ba. Kuma ba zan ce mu hannunmu tsarkakakke ne ba, wanda ya san tarihin Salaga ya san akwai namu a cikin masu saye da sayarwa, wannan ma wani ciwon ne da ya kamata jaridar nan ta taɓa wata rana. Amma su ne suka kira zamaninsu Haske, toh hasken ya tsaya a bakin teku bai ƙetaro ba.

Ikon Allah kuma, tsibirin nan da aka karɓa don bayi, bayan Turawan Ingila sun zauna a cikinsa daga 1827 Sifaniya ta dawo daga baya, sai ya zama gonar koko, kokon cakulan nake nufi ba namu na safe da ƙosai ba. Can ne wani maƙeri ɗan ƙabilar Ga, Tetteh Quarshie, ya je aiki ya dawo da iri ya shuka a Mampong ta Akuapem a 1879, kuma kafin 1911 ta wuce ƙasar nan ta zama ta ɗaya a duniya wajen koko. Duk wanda ya shiga trotro a Akra ya san babbar mahaɗar hanyoyin da ke ɗauke da sunansa. Kakanninmu da yawa koko ne ya riƙe su a Kumasi bayan goro, wasu leburanci a gona wasu dako wasu awo, mahaifina da kansa ya yi shekaru yana ɗinke buhunan koko da basilla kafin ya samu jarin da ya saya min keken farko. Wato in ka bi zaren tun daga keken da nake takawa, ka bi ta buhun koko, ka bi ta Mampong, ka tsallaka Fernando Po wadda yau ake kira Bioko a Ikwatoriyal Gini, sai ka iske shi a teburin mutumin da yarona ya tsaya a gindinsa yana murmushi. Maƙeri ne kuma ya ɗauko mana arzikin, irin wanda ake hana wa mata.

Sai wanda ya shafe ku kai tsaye 'yan jarida. Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, mutumin da ya yi rayuwarsa yana kiran ilimi da gyara sai tsoro ya kama shi. Ya sa sojoji a iyaka, kwastan na bincike ana ƙwace littafi da takarda har da kayan ado masu zanen juyin, ya koma ya haɗa kai da kotun coci mai farautar masu ra'ayi, jaridar gwamnati ta yi gum kamar ba abin da ke faruwa a makwabta. A 1790 wani Bafaranshe ya daɓa masa wuƙa a fadar Aranjuez ya tsira, abin ya ƙara masa firgici. A watan Fabrairu 1791 ya rufe duk jaridun da ba na gwamnati ba, wata ta Madrid da aka bari an ce ta tsaya a kan irin su cigiya, wane ya ɓatar da kaza wane ya tsinci kaza. Mu da muka ga zamanin soja a ƙasar nan, lokacin da mutum zai rage muryar rediyo ya leƙa waje kafin ya yi magana, mun san wannan yanayin, sai a 2001 fa aka soke dokar da ake ɗaure ɗan jarida da ita kan ɓata suna. A nan na gane irin mutumin. Yana son talaka ya samu hanya da ruwa da sana'a, da gaske yake so, amma shi zai ba shi, talaka ya karɓa ya yi godiya ya yi shiru. Ranar da talaka ya nuna alamar zai buɗe baki sai a kashe fitilar.

Ƙarshensa kuwa irin na masu yi wa sarakuna aiki ne. Sarkin da ya ɗaga shi ya mutu a 1788, ɗansa Karlos na 4 ya riƙe shi na ɗan lokaci, a watan Fabrairu 1792 aka sallame shi aka ba babban abokin gabarsa Aranda kujerar, bayan 'yan watanni aka kama shi aka kulle a ganuwar Pamplona ana tuhumarsa da almundahana da wuce gona da iri. Da aka sake shi ya koma Murcia ya zauna shiru, yana raye a 1802 dam ɗin Puentes da aka gina a zamaninsa kusa da Lorca ya fashe ya ci mutum sama da 600. Sai a 1808 da sojojin Napoleon suka mamaye ƙasar, sarki da ɗansa duk suna hannun Faransa, aka rasa wanda kowa zai yarda da shi, aka je aka ɗauko shi yana tsoho mai kusan shekara 80 aka ɗora shi shugaban majalisar da ke jagorantar turjiya. Wata uku ya yi, Faransawa suka matso aka gudu da shi Seville cikin sanyin hunturu, can ya mutu ranar 30 ga Disamba. Wannan tashin da ya yi da tsufansa don ƙasarsa, ban iya hana kaina ganin girmansa ba, duk da abin da ke raina.

Na ba da labarin nan a shago ranar Juma'a bayan an sauko, wani abokina mai sayar da goro a Alabar yace ai ni na cika neman magana, bature ya mutu shekara 200 me ya dame ka. Nace abin da ya dame ni yaranmu ne, suna can da yawa a Murcia da Almeria suna sunkuye a gona tun asuba, wasu ba takarda, wasu sun bi ta sahara da teku mun san waɗanda ba su isa ba, kuma suna tafiya a titunan nan suna jin kamar su baƙi ne da ba su da wani tarihi da wurin. Ina so yaron nan in ya sake zama a lambun ya san cewa tsakaninsa da mai gunkin akwai tsohon lissafi, ya zauna da kansa a ɗage.

Roƙona Malam Edita, ku buɗe mana shafi ko sau ɗaya a wata na irin wannan tarihin da Hausa, wanda ya haɗa mu da ƙasashen da yaranmu ke zuwa, a samu malaman jami'a su rubuta yadda tela da mai tuƙa trotro za su gane. Kuma ina kira ga masu karatu a Nima da Sabon Zongo da Asawase da Tamale har Najeriya, duk wanda kakansa ya taɓa zuwa aikin gona Fernando Po ko ya ji labari daga bakin tsofaffi, dan Allah ya rubuto wa jarida kafin tsofaffin su ƙare. Shi kuma yaron na ce masa Lahadi mai zuwa ya koma ya ɗauko min hoton rubutun da ke jikin ginshiƙin daga kusa, ɗiyata za ta fassara min, ina so na ga me suka zaɓa suka rubuta.

Wassalam,
Naku mai karatu kullum,
wani tela a Aboabo, Kumasi.